Ɗaukar yara hoto a wurin wasa: ku bar Auto

Iyaye da yayye, in za ku kai yara wurin lilo da Sallah, ku cire kyamara daga Auto. Ku murɗa maɓallin saman kyamara zuwa S, masu Canon kuma Tv, inda ku ne ke zaɓar saurin ɗauka, ku sa shi a 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa.

Yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Auto kan zaɓi saurin da bai kai ba, musamman a inuwa, sai fuska ta fito dishi-dishi. 1/500 kuwa yana kama shi cak ko yana gudu. Lilo mai juyawa da ƙarfi, ku kai 1/1000. Ranar Sakkwato ta ishe ku haske, ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 200 ya wadatar.

Fokas ku sa AF-C, a Canon AI Servo, ya riƙa bin yaron. Don Allah ku durƙusa daidai tsayinsa, a ga dariyarsa sosai.

Da tsakar rana inuwa na rufe idanu, gara bayan La'asar.

Bayan Magariba dabarar ba ta ci, hoton zai yi duhu. Ku sauko 1/125, ku ɗaga ISO, ku jira lilon ya tsaya.