Lambun haɗin gwiwa a kan tsauni: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Idan lambun jama'a ya lalace a gangaren dutse, iri ake fara zargi, alhali sau da yawa ƙasar ce ta gudu. Babban kuskure shi ne a ja kunya daga sama zuwa ƙasa don ya fi sauƙi ga mai fartanya. Ruwan sama na farko zai mayar da kowane kwarin kunya magudana, ya kwashe baƙar ƙasar sama tare da takin da aka sha wahalar ɗaukowa, ya bar tsakuwa.

Gyaran shi ne kunya ta gitta gangaren, ta bi layin da babu hawa babu sauka. Ido ba ya iya gane wannan layi. A haɗa sanduna uku siffar harafin A, a rataya igiya mai dutse daga ƙoli, a yi alama a sandar tsakiya inda igiyar ke tsayawa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Duk inda igiya ta faɗa kan alamar, ƙafafun biyu suna daidai, sai a kafa turke a ci gaba. A kan layin a jera duwatsu ko a dasa ciyawar jema, mai saiwa da zurfi. Mutanen Konso na ƙasar Habasha sun daɗe suna riƙe ƙasarsu da katangun dutse hawa-hawa, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Wannan aikin rani ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu kuma su sayo irin da ya yi kyau a fili mai zafi. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000, don haka shuka takan yi jinkirin nuna. Iska mai sanyi tana gangarowa da dare ta taru a cikin kwari, kuma can ne raɓa ke fara daskarewa. Kabeji da karas suna jurewa, tumatir da barkono a ba su inda rana ke daɗewa.

Sai maimaita dankalin Turawa a fage ɗaya, ko a bi shi da tumatir. Dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A sanyi da damshi ganye kan yi baƙin tabo, ƙarƙashinsa ya yi farin fumfuna, wato cutar da ta jefa ƙasar Ayalan cikin yunwa daga 1845. A cire wanda ya kamu, a riƙa zuba ruwa a gindi, a sa wake ko kabeji tsakani na shekara biyu zuwa uku. Ɗanyen kashin dabbobi kuma yana ƙona saiwa, a bari ya ruɓe tukuna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lambun da aka yi wa komai daidai, rashin tsari ya kashe shi. Kowa na zaton wani ne zai yi ban ruwa, shinge ya ɓalle, awaki su shiga. Tun kafin shuka a rubuta ranar kowa, da mai riƙe mabuɗin kayan aiki, da yadda za a raba amfani. Masu fagen sama kuma su san sa'o'insu na tare ruwa, don ya isa ga na ƙasa.