Darasi na Bakwai: Maganin Ciyawa Mai Bin Saiwa

Da zarar ruwa ya sauka a ƙasar Zazzau, daga Giwa zuwa Soba har Lere, sai ka ga manoma goye da injin feshi. Maganin da aka fi fesawa kafin shuka shi ne gilifoset. Kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayar da shi a 1974 da sunan Roundup. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin sa, kowa da sunan da ya raɗa masa. Saboda haka nemi wannan kalma a jikin kwalba: Glyphosate. Duba kuma lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa.

Wannan magani ta ɗanyen ganye yake shiga, ya gangara a hankali har saiwa. Shi ya sa yake cin tofa da kiri-kiri, waɗanda ko ka nome su sai sun sake tohowa. Ba ya ƙone ciyawa nan take. Sai bayan mako guda zuwa biyu za ta yi rawaya ta bushe. A nan mutane da yawa suke asara: kwana uku ba su ga komai ba, sai su ce jabu ne, su sake fesawa. Kuɗi ne kawai suka zubar.

Ruwan haɗi ya zama garau. Ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin maganin, domin laka tana riƙe shi. Yi feshi da safe, bayan raɓa ta ɗauke, iska a kwance. In hadari ya haɗo, haƙura, don maganin yana son kamar awa shida ba ruwa. Bai san masara ba, bai san ciyawa ba. In iska ta kai shi gonar maƙwabci, kun shiga rigima.

Sa takalmin roba da safar hannu, ka rufe hanci da baki. Kada ka busa kan feshi da baki in ya toshe. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar kansa. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin, a huda ta. Ba a zuba manja ko kunu a cikinta.

Aiki: Kawo hoton takardar maganin da kake amfani da shi. Za mu karanta ma'aunin haɗi tare.