Yadda ake zana taswirar sansanin gwale-gwale don kundin digiri

Kusan duk shekara sai wani ɗalibin labarin ƙasa ko na tarihi ya same ni a Samaru da aiki iri ɗaya: ya sauko da hoton ƙofar Auschwitz, sansanin 'yan Nazi a Poland, daga intanet, ya zana akwati mai kusurwa huɗu, ya kewaye shi da waya, ya ce ga taswira. Wannan zane ba ya nuna yadda aka kashe mutane kusan miliyan 1.1 a wurin, mafi yawansu Yahudawa. Ga yadda nake sa su sake aikin.

Da farko ka zaɓi wuri ɗaya tak, ka kuma san irinsa. Sansanoni da unguwannin tsare mutane da 'yan Nazi suka kafa sun haura 40,000, kuma aikinsu ya bambanta. Dachau da aka buɗe a 1933 kusa da Munich an fara shi ne don tsare 'yan adawar siyasa. Treblinka, wadda ta fara aiki a Yulin 1942, mahallaka ce zalla. Wanda ya haɗa su a alama ɗaya ya ɓata aikinsa tun daga tushe.

Na biyu, kada ka fara da shinge. Fara da layin dogo. Duk wanda ya san yadda Sabon Garin Zariya ya tashi a gefen tasha ya san cewa jirgin ƙasa ne ke yanke inda mutane da kaya za su taru. Garin Oświęcim na Poland, inda aka kafa Auschwitz, mahaɗar layuka ce, Treblinka kuma tana kusa da mahaɗar Małkinia a kan layin Warsaw zuwa Białystok. In Auschwitz ka zaɓa, ka zana layukan, sannan kogunan Soła da Vistula, sannan yankin da ya kai murabba'in kilomita 40 da aka kori manoman Poland daga cikinsa don kada a samu mai gani. Ni dokata ita ce fensir da takarda mai shara-shara tukuna, kwamfuta daga baya. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, amma ɗalibin da ya fara da ita yakan ƙare da yinin gyaran launi, ga data tana ƙonewa, bai fahimci komai ba.

Mataki na uku shi ne ya kayar da ni, don haka zan tsaya a kansa. Kowace taswira sai ka rubuta mata shekara, in da hali har da wata. Lokacin da nake nawa kundin, na ɗauki zanen Birkenau, wato sansani na biyu na Auschwitz, mai layin dogo da ya ratsa ƙofa ya shiga tsakiyar sansanin, na yi amfani da shi wajen bayanin yadda ake sauke mutane a 1942. Ranar kare kundi wani malami ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, wannan a wace shekara aka shimfiɗa shi?" Na yi shiru. Wannan reshe bai fara aiki ba sai Mayun 1944, lokacin da aka fara kwaso Yahudawan Hungary, sama da 400,000 cikin makonni kaɗan. Kafin nan a wani dandamali da ke waje, tsakanin tsohon sansanin da Birkenau, ake sauke mutane, a tafi da su a ƙafa ko a mota. Kuskurena ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci: an gajarta tazarar da ke tsakanin taragon jirgi da ɗakin iskar guba da gangan, don kisan ya yi sauri. Saboda haka ka yi zane uku aƙalla. Na 1940, sansani ɗaya a tsohon barikin soja. Na 1942, ga Birkenau mai nisan kilomita uku, ga sansani na uku, Monowitz, kusa da masana'antar kamfanin sinadarai na IG Farben. Sai na 1944. Ka ɗora su kan juna ka ɗaga wa haske. Hotunan da jiragen ƙasashen ƙawance masu yaƙar Jamus suka ɗauka daga sama a 1944 za su taimaka maka wajen na ƙarshen, amma kada ka ari komai daga cikinsu ka kai shekarun baya.

Na huɗu, shiga ciki ka bi sawun mutum ɗaya da jan layi: inda ya sauka, inda aka raba shi da iyalinsa, inda aka tuɓe shi. Ka kula da girman fili. Treblinka ƙarama ce ƙwarai, alhali an kashe mutum 700,000 zuwa 900,000 a cikinta, domin ba a tanadi wurin kwana ga mafi yawan waɗanda aka kawo ba. Har tashar bogi aka yi mai agogon fenti don a kwantar musu da hankali. Sai ka gama wannan ne za ka ɗauko maganar masanin falsafa Giorgio Agamben cewa sansani fili ne da aka dakatar da doka a cikinsa. Masu buɗe babi da ita haddace ta kawai suke yi.

Sauran a gurguje. Ka sa alamar abin da aka shafe, don an rushe Treblinka a 1943 an yi shuka a kanta. In kana son kwatanci, ka tuna kisan kare dangi ba dole sai da shinge ba: a 1904, a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, hamadar Omaheke Jamusawa suka kora 'yan Herero ciki suka tsare rijiyoyi, a Ruwanda kuma a 1994 shingayen kan hanya da coci-coci irin na Nyamata ne wuraren kisan. Taswira ɗaya ta isa wannan babin.

Wajen bugawa, baƙi da fari ya wadatar, jan layin ka ja shi da biro, kuɗin mai launi ka sayi babbar takarda da shi. Kada ka yi wa gefen ado. Ka rubuta sunayen garuruwan da aka kwaso mutanen daidai yadda masu su ke rubutawa, ka duba kowanne sau biyu kafin ka kai wa mai ɗaurin kundi.