Kujerar mota da ciwon baya: kurakuran da direbobi suka fi yi

Ka lura da direban da ya sha doguwar tafiya lokacin da ya tsaya. Zai buɗe ƙofa, ya zuro ƙafa ɗaya waje, ya kama bakin ƙofar ya miƙe a hankali kamar wanda ya ba saba'in baya, sannan ya dafe tsatso da hannu biyu ya yi 'yar ƙara. In ka yi masa sannu, amsar ba ta wuce ɗaya: kujerar motar nan ba ta da kyau. Wani lokacin da gaskiyarsa. Amma sau tari kujerar ba ruwanta. Yadda motar ta zo hannunsa haka yake zaune a cikinta har yau, bai taɓa matsar da komai ba.

Ni kaina na kusa shekara biyu ina tuƙa wata mota da kujerar a inda tsohon mai ita ya bar ta, alhali mutumin ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Kullum da kan yatsu nake kai wa kuloci, kullum kuma da yamma kwankwasona na hagu yana zugi. Na canja katifa, na zargi shekaru, na zargi aiki. Ashe maganin yana ƙarƙashin kujerar, wani ɗan ƙarfe da ban taɓa ɗagawa ba.

Ƙashin baya ba miƙaƙƙiyar sanda ba ce. Gaɓoɓi biyar na ƙasa, wajen tsatso, sun ɗan lanƙwasa zuwa ciki, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi mai taushin ciki da ke shanye nauyi. Da mutum ya zauna ya saki jiki, wannan lanƙwasar sai ta baje, nauyi ya taru a gaban faifan. Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan a jikin mutane masu rai, ya ga zama a duƙe ya fi tsayuwa danne shi. Kujerar mota kuma tana da ƙarin abin da ta ofis ba ta da shi. Ƙafafunka suna kan aiki, ba su dafe ƙasa suna tallafe da kai ba. Ga girgiza. Jikin mai zaune ya fi jin girgizar da ke kaiwa da komowa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, irinta kuwa mota ke samarwa a kan hanya. Ciwon tsatso dama ruwan dare ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, sai dai na direba yana da sauƙin ganewa: yana tashi a mota, yana lafawa in an sauka.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne nisa. Mutum ya tura kujera can baya don ya miƙe ƙafa ya sha iska, to amma birki da totur ba su biyo shi ba. Dole ya zamo gaba ya kai musu. Mazaunansa su bar kusurwar kujera, rami ya buɗe tsakanin tsatsonsa da majingini, bayan ya lanƙwashe kamar baka, duk ramin da taya ta faɗa kuma a nan zai sauka. Gyaran daga ƙasa ake fara shi, motar tana tsaye. Ka tura mazaunanka har ƙurya, su haɗu da majingini. Daga nan ka taka kuloci har ƙasa, ko birki in motarka mai canja giya da kanta ce. Idan ƙafar ta miƙe sambal, ko ka ji kwankwasonka ya murɗa kafin ka kai, ka yi nisa. Matso da kujerar har sai ka taka ya kai ƙarshe gwiwarka tana da sauran lanƙwasa. Wasu kuma in an faɗa musu haka sai su wuce gona da iri, su rungume sitiyari kamar za a ƙwace. Wannan ma haɗari ne, domin jakar iskar da ke cikin sitiyari da ƙarfin gaske take fitowa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ba da shawarar a bar aƙalla inci 10, kimanin santimita 25, tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari.

Sai kishingiɗa, wadda matasa suka fi so. An kwantar da majingini, hannu ɗaya a saman sitiyari, direba yana leƙen hanya ta tsakanin sitiyari da gilashi. A ido zaman ƙasaita ne, a jiki kuwa azaba. Tunda bayan ya koma baya amma ido yana bukatar hanya, wuya ne zai miƙo gaba, kafaɗu su bar kujera, tsokar ƙeya da ta tsakanin kafaɗu su wuni suna riƙe da kai. Akwai abin da ya fi ciwo muni: in aka yi karo, mai kishingiɗe yana iya zamewa ta ƙarƙashin bel, bel ɗin da ya kamata ya kama ƙashin ƙugu ya koma ya shaƙe ciki. Tsayar da majingini ƙiƙam kamar bango shi ma ba dabara ba ce, yana gajiyarwa. Abin da ake so ɗan jingina ne kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 110 tsakanin cinya da gangar jiki. Ba sai ka nemo ma'auni ba. Ka jingina kafaɗunka, ka miƙa hannu ka ɗora a saman sitiyari. Idan wuyan hannunka ya sauka a kansa ba tare da kafaɗar ta bar kujera ba, ka dace. Idan yatsu ne kawai suka kai, ɗago majinginin, ko ka jawo sitiyarin in irin mai matsowa ne. Mutane da yawa ba su ma san nasu yana matsowa ba, alhali maƙullin yana nan a ƙasansa.

Tsayin kujera ba a cika kula da shi ba. Idan gwiwoyi suka ɗara ƙugu sosai, ƙugun yana juyawa baya ya ja tsatso tare da shi. Ɗaga ta har ƙugu ya yi daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta, muddin kanka bai kusa rufi ba. Ka kuma zura hannu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. Yatsu biyu ko uku su shiga. In babu wuri, bakin yana danne jijiyoyin da ke bi ta nan, shi ya sa ƙafa ke mutuwa a doguwar tafiya.

Yanzu ga inda mai neman sauƙi ke ƙara wa kansa wahala: filo. Baya ya fara ciwo, sai a ɗauko ƙaton filon kwanciya a cusa. Filon ya ture mutum gaba ɗaya daga kujera, kafaɗu suna lilo a iska, kai ya yi nesa da matashinsa, gefunan kujerar da aka gina don su riƙe jiki a kwana sun zama banza. Ramin da ake son cikewa ƙarami ne, bai wuce kaurin tafin hannu ba. Ka naɗe ƙaramin tawul, kaurinsa kamar yatsu biyu zuwa uku in an danne, ka sa shi a kwance a daidai inda bayan ya lotsa, wato saitin ɗamarar wando ko sama da ita kaɗan. In ya sauka ƙasa zai tura mazaunai gaba, in ya hau sama zai tokare haƙarƙari. Motar da ke da nata matokarin tsatso, kada a kumbura shi har ƙarshe don ana ganin yawansa ne amfaninsa. Ka ƙara shi har ka ji ya taɓa ka, sannan ka rage kaɗan. Tallafin da ya yi daidai, bayan minti biyar mantawa ake yi da shi. Wanda har yanzu kake jin sa, ya yi yawa. A ganina a gwada tawul na mako guda kafin a kashe kuɗi a kan matasan da ake talla. In tawul bai canja komai ba, da wuya su canja.

Walat a aljihun baya ƙaramin abu ne mai babban aiki. Yana ɗaga ɓangare ɗaya na ƙugu, ƙashin baya ya karkace don ya daidaita, kuma yana zaune kusa da babbar jijiyar da ta taso daga tsatso ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa. Cire shi kafin ka zauna, haka waya da tarin makullai. Ɗan'uwansa shi ne jingina gefe guda, gwiwar hannu a kan taga ko a kan akwatin tsakiya, awa da awanni. Hannu biyu a gefen sitiyari, dama da hagu, ya fi raba aikin. Mai mota marar kuloci kuma kada ya naɗe ƙafar hagu a ƙarƙashin kujera. Akwai matakin da aka yi mata a gefe, ta dafe shi ta taya jiki tsayuwa.

Matashin kai an yi shi ne don ya tare kai in aka daki mota ta baya, kada wuya ya fizgu. Samansa ya yi daidai da saman kanka, ya kuma kusanci ƙeya, tazarar kada ta wuce 'yan yatsu. Na sha ganin an cire shi an jefa a but wai yana takura. In yana tura kanka gaba, galibi majinginin ne ke bukatar gyara.

Madubi shi ne na ƙarshe, kuma yana da wata fa'ida da na fi so. Ka saita shi lokacin da kake zaune daidai. Bayan awa ɗaya, in ka ɗaga ido ka ga rufin mota maimakon hanya, kada ka taɓa madubin. Kai ne ka zame. Koma inda kake.

Duk wannan fa, ko ka yi shi ba kuskure, ba zai cece ka ba in ka ƙi tsayawa. Faifan nan ba su da hanyoyin jini a cikinsu kamar tsoka. Da motsi suke samun abincinsu, matsi da saki. Zama mafi kyau ma in ya daɗe ciwo yake zama. Direba kuwa akwai shi da "bari in ƙarasa", saura kaɗan, saura kaɗan, har awa biyar. Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya ya ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 duk bayan awa 2, dokar Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa direbobin manyan motoci hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi. Don gyangyaɗi aka fi yin waɗannan, amma baya ma yana cin moriyarsu, mai ciwo kuwa gara ya tsaya tun kafin awa biyun. Kuma tsayawa ba ita ce ka kashe mota ka ci gaba da zama kana latsa waya ba. Fito. Taka ka zagaya motar sau biyu ko uku, ka dafe tsatso da tafuka ka ɗan gantsare a hankali, ka saki, ka maimaita. A cunkoso ma, in mota ta tsaya cak, kana iya juya kafaɗu, ka ɗan gantsara tsatso ka mayar.

Wajen sauka akwai tarko biyu. Na farko murɗa jiki: ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a ciki, gangar jiki ta juya. Juyo gaba ɗayanka, ƙafafu biyu su sauka tare, sannan ka miƙe. Wajen shiga ma mazaunai ne farko, ƙafafu su biyo. Na biyu ya fi kama mutane. An iso, ana murna, sai a zarce but a sunkuya a fizgo babbar jaka. Bayan da ya yi awanni a lanƙwashe yana shan girgiza bai dawo daidai ba tukuna, a wannan lokacin ya fi saurin rauni. Kayan ba za su gudu ba. Ka yi 'yan mintoci a tsaye, sannan ka jawo jakar kusa da jikinka, ka durƙusa da gwiwa ka ɗaga.

Wani lokacin dai laifin na motar ne. Soson kujera yana mutuwa, musamman gefen ƙofa inda ake murza shi wajen shiga da fita, sai ka tarar kana zaune a karkace ba ka sani ba. Tsaya a waje ka dube ta, ka danna ɓangarorin biyu da hannu. In ɗaya ya lotsa, mai gyaran kujeru zai canja soson, ya fi tara tsummoki a kai. Iskar taya da ta wuce adadin da kamfani ya rubuta, galibi a jikin ƙofar direba, tana sa mota tsalle, haka ma in abubuwan da ke shanye girgiza a ƙafafun motar sun gaji.

Saura magani. Haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwo kullum don a iya fita aiki rufe bakin mai ƙara ne, ɓarnar tana nan. Irin su ibuprofen da diclofenac in an daɗe a kansu suna taɓa ciki da ƙoda. Tramadol da codeine kuwa suna kawo barci, ga kama jiki, ba abin da mai riƙe da sitiyari zai kusanta ba ne. Kwanciya kwana da kwanaki ita ma an daina ba da shawararta. Tafiya a ƙasa da motsi gwargwadon iko sun fi saurin warkar da ciwon tsatso na yau da kullum, ɗumama wurin kuma yana sassauta tsoka. Idan ka gyara zama, kana tsayawa, amma ciwon ya kai mako shida bai ragu ba, ka ga likita ko masu gashin ƙashi na asibiti. Kada ma ka jira haka in ciwon ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, ko ya zo da zazzaɓi ko rama ba dalili, ko yana gangarawa ƙafa har tana rasa ƙarfi. In kuwa tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna kufcewa, mai yiwuwa jijiyoyin ƙarshen laka ne ake dannewa. A ranar za a tafi asibiti, kuma wani ne zai tuƙa.