Yadda ake amfani da kalmar "ostracize"

'Yan uwa masu shirin rubuta jarrabawar Turanci, ku riƙe wannan kalma da kyau. Ma'anarta jama'a su mayar da mutum saniyar ware: ba a gaishe shi, ba a gayyatarsa biki ko suna, alhali yana nan cikinsu. Asalinta daga Girka ne. A birnin Atina, wajen shekara 2,500 da suka wuce, mutane kan rubuta sunan wanda suke tsoron ƙarfinsa a kan tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari na shekara 10.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne, wannan aikin taro ne. Idan abokinka shi kaɗai ya daina kula ka, "ignore" za ka ce. Galibi kuma wanda aka ware ake sawa a farkon jimla, kamar "She was ostracized by her neighbours", wato maƙwabta sun juya mata baya. Duk da asalinta, a yau kada ku haɗa ta da "banish", wadda ke nufin kora daga gari gaba ɗaya.

A Ingila ana rubuta ta da "s" ko "z", a Amurka "z" kawai. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai har ƙarshen takarda.