Yadda za ka samu mai haɗa wutar lantarki na ƙwarai a Yamai

In kana gini, ko kana sake fasalin tsohon gida, nemi mai haɗa wuta tun kafin magina su yi shafe, don kada a dawo ana fasa bango.

Da farko, tambayi magininka da maƙwabtan da suka tare kwanan nan. Wanda ka ji sunansa a baki biyu, kira shi.

Na biyu, ya nuna maka takardu: shaidar koyon sana'a irin CAP ko BEP, in kamfani ne kuma lambar biyan haraji ta NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM. Kada ka ji nauyin tambaya.

Na uku, nan nake so ka natsu. Ya rubuta maka lissafin kaya da kuɗin aiki dalla-dalla. Fitilu waya mai kauri 1.5 mm², soket mai 2.5 mm², na'urar sanyaya ɗaki kuwa layinta daban. Tambaye shi inda zai kafa ƙarfen ƙasa, wanda ake binnewa don wutar da ta zurare ta bi ƙasa, da ko zai sa makatsin wuta mai 30 mA, mai yanke wuta in za ta kama mutum. Na taɓa ganin soket ya narke ya yi baƙi ƙirin a ɗakin yara cikin zafin Afrilu, saboda siririyar waya. Har yau abin yana raina.

Sai ku je kasuwar Katako tare, a fere bakin waya a gabanka, ka tabbata jan ƙarfe ne.

Mitar wuta aikin kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, ne. Wanda ya ce zai jawo maka wuta ta bayan fage, sallame shi. Kuɗin aiki kuma kashi-kashi, cikon sai an gwada kowane soket.