Yadda ma'aikaci zai nemi diyya idan ya ji rauni a bakin aiki

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke rasa diyyar raunin da suka ji a bakin aiki tun a makon farko suke rasa ta, kafin ma su san akwai wata takarda da ake cikewa. Mutum zai zame daga kan tsani, ya ji bayansa ya amsa, ya cije ya ƙarasa aikin ranar don kada a ce ya cika raki, sai bayan wata biyu, lokacin da ciwon ya sauka ƙafa har tsayuwa ta gagara, ya tashi neman haƙƙinsa. A nan ne za a tambaye shi ranar da abin ya faru, da wanda ya gani, da wanda ya sanar wa, sai ya rasa abin nunawa ko ɗaya.

Kafin komai, ya kamata ma'aikaci ya san cewa diyyar rauni haƙƙi ce da doka ta tanada, ba alfarma ce da shugaban aiki ke yi wa wanda ya ga dama ba. Jamus ce ta fara kafa inshorar hatsarin aiki ta tilas a 1884, Birtaniya ta yi tata dokar a 1897, sannan a 1964 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta zartar da yarjejeniya mai lamba 121 kan abin da ya kamata a biya wanda ya jikkata a wurin aiki. Ginshiƙin wannan tsari a yawancin ƙasashe shi ne ba sai an tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya, muddin raunin ya faru ne ta dalilin aiki kuma a cikin yin sa. Wannan batu yana da nauyi ƙwarai, domin tsoron a ce "ai sakacinka ne" shi ke sa mutane da dama ɓoye rauni. Kuskure irin na ɗan Adam, kamar gajiya ko mantuwa, galibi ba ya soke diyya. Abin da kan soke ta shi ne maye ko jikkata kai da gangan.

Idan hatsari ya auku, ceton rai ne a gaba. Wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi sai an katse wutar, wanda ya faɗo daga sama kuma yana kukan wuya ko baya ba a ciccibarsa sai dai in barinsa a wurin ya fi hatsari. Ƙuna ana sanyaya ta da ruwa mai gudana na kimanin minti 20, idan kuma sinadari ne ya fantsama a ido ko a fata, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti da mazubin sinadarin ko hoton rubutun da ke jikinsa don likita ya san abin da yake fama da shi. Wanda ya bugu a kai ya ga likita ko da ya miƙe garau, domin amai ko magagi ko jiri suna iya biyowa bayan sa'o'i.

Da zarar hankali ya kwanta, ka sanar da shugabanka a rubuce, kuma a ranar in da hali. Faɗa da baki ba ya wadatarwa, saboda wanda ka faɗa wa yana iya mantawa, ko a sauya masa wurin aiki, ko ya musanta idan ya ga maganar za ta shafe shi. Ba a buƙatar dogon turanci ko wata ƙwarewa: ka rubuta sunanka, da rana da lokaci, da ainihin wurin, da aikin da kake yi a daidai wannan lokaci, da yadda abin ya faru, da gaɓoɓin da suka ji ciwo, da sunayen waɗanda ke kusa. Ka tsaya kan abin da ka gani ka ji, kada ka yi hasashen musabbabi, kada kuma ka ɗora wa kanka laifi don nuna kawaici. Idan ma'aikatar tana da littafin rubuta hatsari, ka tabbata an shigar da naka, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonsa da waya. Idan babu littafi, saƙon imel ko na waya da ke nuna kwanan wata ya isa ya zama hujja. Wanda raunin ya hana shi rubutu, ɗan uwansa ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya rubuta a madadinsa.

Dalilin wannan gaggawa shi ne wa'adi, kuma wa'adin ya bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa ma'aikaci yana da sa'o'i 24 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, shi kuma ya kai rahoto ga asusun inshora cikin sa'o'i 48. Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar, ta kuma ba shi shekara 1 ya shigar da buƙatar diyya. A Ingila wanda zai kai ƙara kotu kan rauni yana da shekara 3 a bisa ƙa'ida. Saboda haka ka nemi sanin wa'adin ƙasarka daga ma'aikatar ƙwadago ko hukumar inshorar ma'aikata tun kana lafiya, kada ka dogara da abin da abokin aiki ya ce ya ji.

A gaban likita akwai abin da ake yawan sakaci da shi, alhali kuwa takardar likita ita ce ƙashin bayan duk wata buƙatar diyya. Ka faɗa masa ƙarara cewa a wurin aiki ka ji raunin, ka bayyana yadda aka yi, ka roƙe shi ya rubuta hakan a fayil ɗinka. Ka lissafa duk inda ke maka ciwo, har da ƙaramin da ba ka damu da shi ba, domin wanda ya karya hannu hankalinsa yakan tattara a kan hannun, ya manta da wuyan da ke masa tsami, sai daga baya wuyan ya zama babbar matsalar, a ce babu shi a rahoton farko. Idan kana da tsohon ciwo a wannan gaɓa, kada ka ɓoye shi. A tsare-tsare da dama ana biyan diyya idan aiki ya tsananta ciwon da ake da shi, amma ɓoyewar da aka gano daga baya tana zubar da amincin duk sauran bayaninka. Bayan haka ka riƙa zuwa ganin likita a ranakun da aka sa maka, ka sha magani yadda aka ce, saboda tsallake su ana ɗaukarsa alamar ka warke.

Sai tara hujjoji, wanda ya fi sauƙi a kwanakin farko kafin a goge man da ya zube a ƙasa ko a mayar wa injin murfinsa. Ka ɗauki hoton wurin da na'urar da raunin kansa, ka karɓi lambobin shaidu, ka adana rasit na magani da na mota zuwa asibiti, da takardun albashinka na watannin baya, tunda da su ake lissafin abin da za a biya ka. Ma'aikacin wucin gadi da wanda ɗan kwangila ya kawo su ne suka fi shan wahala a nan, domin abu na farko da ake musanta musu shi ne cewa ma'aikata ne. Irin waɗannan su riƙe katin shaida, da saƙonnin da ake kiransu aiki da su, da shaidar shigar kuɗi a asusunsu.

Abin da diyya ta ƙunsa galibi shi ne kuɗin jinya, da wani kaso na albashi a lokacin da mutum ba ya iya aiki, da biya na musamman ko fansho idan naƙasa ta zama ta dindindin, da kuma tallafi ga iyali da kuɗin jana'iza idan rai ya yi halinsa. Yarjejeniyar ILO mai lamba 121 ta sa kashi 60 cikin 100 na albashi a matsayin mafi ƙarancin abin da za a ba magidanci mai mata da 'ya'ya biyu idan rauni ya kwantar da shi. A wurare da yawa ma'aikatar ce ke miƙa rahoto ga hukumar inshora, don haka ka tambayi lambar fayil ɗinka. Idan aka yi ta yi maka hanya-hanya, ka je hukumar da kanka.

Inda nake ganin an fi cutar masu rauni shi ne wurin sasantawa. Mutum yana kwance, albashi ya tsaya, sai a zo masa da kuɗi a hannu tare da takardar da ke cewa ya karɓi haƙƙinsa gaba ɗaya kuma ba zai sake neman komai ba. Kuɗin yakan yi kama da mai yawa a ranar, amma ba a san girman naƙasa sai likita ya tabbatar cewa raunin ya kai iyakar warkewar da zai yi, abin da kan ɗauki watanni. Kada ka sa hannu a irin wannan takarda sai lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago ya karanta maka ita, kuma kada ka ajiye aiki cikin fushi kafin a kammala maganar. Idan ka ɗauki lauya, a rubuta yadda za a biya shi tun farko.

Ba kowane lahani ne ke zuwa da faɗuwa ko jini ba. A ƙiyasin da ILO ta fitar a 2023, kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara ta dalilin aiki, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cututtuka ne ke kashe su. Ƙurar dutse da yashi tana daskarar da huhu sannu a hankali, asbestos, wani ma'adini da ake samu a wasu kayan gini, yana haddasa sankarar da ba ta bayyana sai bayan shekaru 20 ko fiye, ƙarar inji da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti kuma tana rage ji idan ana wuni a cikinta. A irin wannan hali wa'adi yakan fara ne daga ranar da likita ya danganta cutar da aikin, don haka ka ba shi tarihin duk wuraren da ka yi aiki da abin da ka riƙa shaƙa ko taɓawa. Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki kuwa, Jamus da Faransa suna biyan diyyarsa, wasu ƙasashen ba sa biya.

Idan aka ƙi amincewa da buƙatarka, ka nemi dalilin a rubuce, ka duba wa'adin ɗaukaka ƙara, wanda sau da yawa ya fi na farko gajarta, ka kuma nemi ra'ayin wani likitan idan saɓanin a kan girman naƙasa ne. Lokacin komawa aiki ka karɓi takardar likita da ta fayyace abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba, kamar nauyin da za ka ɗaga ko tsawon tsayuwa. Ka kuma tambaya ko an gyara abin da ya jikkata ka, domin ba ka safar hannu da hular kwano ba ya maye gurbin sa wa inji kariya ko sauya tsanin da ya lalace. Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 ta 1981 ta ce matakan kariya ba za su ci kuɗin ma'aikaci ba, ta kuma kare wanda ya janye daga aikin da yake da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin yana barazana ga rayuwarsa nan take. Idan ka tarar hatsarin yana nan yadda ka bar shi, ka sanar da shugabanka a rubuce, in bai ɗauki mataki ba ka kai rahoto ga sufetocin ƙwadago.